Muntasir da Rubutun da Ba Ya Canzawa

A Alhilla Kuku, wata unguwa ta Bahri a ƙasar Sudan, babu wanda bai san Muntasir ba, domin shi da kansa ya ɗauki nauyin sanar da kowa. Kwas ɗin kwamfuta ya yi na ɗan lokaci a wani bene a Bahri, amma tun ranar da ya karɓi takarda ya daina amsa sunansa sai an ɗora masa "bashmuhandis" a gaba, wato babban injiniya. Ya taɓa gyara wa kakarsa Iya rediyo. Daga ranar rediyon ya tsaya a tasha ɗaya, ita ma ta Habasha, ko ka murɗa har hannunka ya gaji. Muntasir ya ce gyaransa lafiya lau yake, Habashawa ne suka cika ƙarfin murya.

Wannan duk kafin yaƙi ne, lokacin da babban tashin hankalin mutum bai wuce cunkoson gada da ɗaukewar wuta ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ke kashe wa Muntasir baki: Ghada, 'yar Alhaji Ibrahim Khalil mai turare, wanda kowa ke kira Ɗantsoho, shugaban 'yan kasuwar wani lungu a Omdurman da ake ce wa Lungun Turare. Da safe takan zauna a shagon babanta tana haɗa humra. In Muntasir ya tsaya gabanta, duk ilimin nan sai ya tsere, ya bar shi da tambayar turaren wuta. Ta tambaye shi na wa, ya ce na Iya. Haka ya yi ta jida har ɗakin tsohuwar ya koma kamar na amarya, ita kuwa tana ta sa masa albarka cikin tari.

Da kawunsa ya je jin ta bakin Ɗantsoho, tsohon bai ja zance ba. Ya ce yaro ya fara kawo aiki tukuna, aikin da za a iya nuna wa mutum da yatsa, sannan a kawo goro.

Aikin kuwa sai ya faɗo a bakin lungun. Wani Abdulmajid yana da ɗan kamfani a ɗaki ɗaya saman shagon gyaran waya, yana haɗa allunan lantarki irin masu rubutu yana gudu. 'Yan lungun sun haɗa kai sun ba shi kwangila: kowane shago da allonsa, duka kuma akwati ɗaya ke ciyar da su. Ya ɗauki Muntasir gwaji, da sharaɗin in ranar buɗewa ta tafi lafiya, kujera ta zama tasa.

A cikin akwatin akwai wata manhaja da Abdulmajid ya rubuta, yana ce mata tafinta. Ita ke karanta umarnin da masu shago ke turowa daga wayoyinsu, ta gaya wa alluna abin da za su nuna. Akwatin mai arha ne, ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta kaza ba. Saboda haka tafinta ba ta ajiye rubutu ɗaya sau biyu. Takan jera shi a 'yan ƙwayoyin da ake kira bayit, ta ajiye kwafi guda, duk allon da ke son irinsa ta nuna masa wurin. Gaisuwar "Marhaban, barka da zuwa" da kowane allo ke farawa da ita, kwafi ɗaya ce suke leƙe gaba ɗayansu. Shi ya sa akwai doka: jerin bayit in an yi shi an yi shi, ba a taɓa shi. Mai son wani rubutu daban, sai a ƙera masa sabo.

"Kamar jan bulon da ake gasawa a Aljirif ne," in ji Abdulmajid. "In ya fito daga wuta ya fito. Kana son wani fasali, ka kwaɓa sabuwar laka."

Aikin Muntasir shi ne ya rubuta gwaje-gwaje. Ya gwada sauya harafi ɗaya a jerin, ya gwada gogewa, ya gwada ƙari a ƙarshe. Duk inda tafinta ta ƙi ta yi ƙorafi, gwajin ya nuna kore. Inda ta yarda, ya nuna ja.

Muntasir ya ɗauka bai ji daidai ba. "Ustaz, wato aikina in yi ƙoƙari in kasa?"

"In ka kasa mun ci."

"In na iya fa?"

"Mun shiga uku."

Washegari matar Abdulmajid ta haihu a Jabal Awliya. Ya miƙa wa Muntasir makulli ya tafi, abin da har yau yake da-na-saninsa.

A gindin darbejiyar bakin lungu Gogo ke sayar da shayi da jabana, wato gahawa, nan direbobin raksha, keken nan mai ƙafa uku, ke zubar da gajiya. Nan Muntasir ya kafa majalisa. Ya bayyana musu cewa an ɗauko zaki an ba shi gadin kaji. Ya ce wannan dokar ta "ba a canzawa" ba doka ba ce, gazawa ce aka sa wa rawani. Turawan da suka ƙirƙiro abin sun kai nan ne ƙarfinsu ya ƙare, shi ya sa suka ce haramun ne. Shi kuwa bai taɓa ganin abin da ya gagare shi canzawa ba.

Gogo ta zuba masa shayi ba ta ɗago ba. "Jikan Iya, rediyon nan ya dawo daga Habasha?"

"Gogo, wannan maganar kimiyya ce, ba ta citta da kanumfari ba."

"To Allah ya ba kimiyya lafiya."

Muntasir ya hau bene ya fara da gyara abin da ya kira kuskuren maigida. Gwajin da ke murna don an kasa, a ganinsa, gwajin ragwaye ne. Ya juya su duka: in rubutu ya canza kore, in ya ƙi ja. Ya danna. Allon kwamfuta ya yi ja wur daga sama har ƙasa, kamar an watsa masa zoɓo. Muntasir ya yi murmushin likitan da ya gano cuta. Ashe tafintar ba ta da lafiya tun fil azal, babu wanda ya lura sai shi.

Sai ya shiga cikinta da gyara. Ya tarar da wurin da take cewa a'a, ya cire. Akwatin gwaji ya sandare, fankarsa ta kama kuka kamar akuyar da ta hango wuƙa. Ya ce alamar warkewa ce. Ya ci gaba ya tarar da wani shingen a bayan na farko, shi ma ya tumɓuke. Ƙaramin allon ofis ya fara zubo wasu alamomi da ba Larabci ba, ba Turanci ba, har mai gyaran waya ya leƙo ya tambaya ko a kira mai ruƙiyya. Can ƙasa ya iske inda Abdulmajid ya rubuta gargaɗi da manyan baƙi cewa kada a taɓa nan. Muntasir ya girgiza kai don tausayin masu ƙaramar zuciya, ya goge gargaɗin tare da abin da yake gadi.

Gwajin yana buƙatar wani rubutu da zai riƙa cusawa a madadin gaisuwar. Kowa zai sa "ɗaya, biyu, uku". Muntasir ya daɗe yana kallon taga, inda ake hango ƙofar shagon turare, sannan ya rubuta abin da bakinsa ya kasa faɗa. Ya rubuta shi da Hausa cikin baƙaƙen Larabci, don Hausar Abdulmajid ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba, ko ya gani zai ɗauka shirme ne. Ya kuma sa sunansa a ƙasa, da muƙaminsa. Muntasir ko a ƙurar gilashin mota ya yi rubutu sai ya sa hannu.

Ya danna. Kore.

Da Abdulmajid ya bugo waya daga wajen shirin suna, hayaniyar mata na tashi a bayansa, tambaya ɗaya ya yi: gwaji kore ne?

"Kore shar, Ustaz, kamar gonakin Aljirif bayan ruwa ya janye."

Abdulmajid ya yi hamdala, ya ce to a ɗora a babban akwati.

Ranar buɗewa Muntasir ya zo da kwat da laktaye, a zafin Omdurman da ke narkar da kwalta. Ya gayyaci rabin Alhilla Kuku. Iya ma ta hau hafila, wato ƙaramar bas, ta ƙetaro kogi, ta samu kujera a gindin darbejiya kusa da Gogo. Ɗantsoho ya fito da farar jallabiya da rawani. Ghada na daga ƙofar shago, tana yi kamar jera kwalabe ne ya tsayar da ita. Abdulmajid kuwa cunkoso ya riƙe shi a hanya, ya aiko a jira shi. Muntasir ya ce ba a sa rana ta jira tauraro.

Ya kunna. Alluna suka haska gaba ɗaya, daga bakin lungu har ƙarshe: Marhaban, barka da zuwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Muntasir ya ɗan sunkuya kamar wanda ya saba. Ya sanar cewa yanzu kowa na iya tura tallarsa.

Salahuddin mahauci ne ya riga kowa. Ya goge hannu a gaban rigarsa, ya danna waya. Allonsa ya nuna da Larabci: Yankan yau, hanta da ƙoda da zuciya, duk da ɗuminsu. Ya yi dariyar jin daɗi. Amma tafinta, tunda an cire mata shinge, ba ta ƙera masa sabon rubutu ba. Kwafin nan guda da kowa ke leƙe ta kankare ta rubuta a kai. Saboda haka hantar Salahuddin ta bayyana a kowane allo, har saman ƙofar ɗan asibitin Dakta Amna. Wani mutum da ke zaune a benci yana jiran a duba shi ya ɗaga kai ya karanta, ya dafe ƙugunsa, ya miƙe ya tafi a hankali ba sallama.

Dakta Amna ta fito da fushi ta tura nata: Ana duba masu gudawa, a shigo ba kunya. Nan take ya hau saman rumfar mai ful, wato dafaffen wake, inda mutane ke tsakiyar karin kumallo. Hannaye suka tsaya tsakanin kwano da baki. Mai ful ya fito da ludayi yana neman wanda zai fara da shi.

Muntasir ya ɗaga hannu ya roƙi natsuwa. Ya ce wannan ba matsala ba ce, sabuwar fasaha ce, sunanta haɗin kai. Mutum ya yi talla ɗaya ta yaɗu ko'ina, a Dubai ma ba su kai nan ba.

"To ka haɗa kanka da ludayin nan," in ji mai ful.

Ana cikin haka Malam Abdullah mai farin yadi, dattijo mai sanyin hali da ke sayar da likkafani a ƙarshen lungu, wanda bai ma san ana rigima ba, ya gama lalubar wayarsa ya tura nasa: Ko ba yau ba, nan za ka zo. Ya bayyana a saman asibiti. Ya bayyana a saman mai ful. Ya bayyana a ofishin tikitin motocin zuwa Madani, inda wata mata ta karanta, ta karɓe jakarta daga hannun kwandasta ta ce ta fasa, sai wani satin. Mai kayan lefe ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Daga nan lungun ya zama filin daga. Kowa ya zaro waya yana rubutu a kan na ɗan'uwansa. Nama ya kori likkafani, likkafani ya kori lalle, lalle ya kori cire haƙori. Wanda ya tura tallarsa ba ya gama karantawa an shafe. Salahuddin ya ratso taron da wuƙarsa a hannu, wai mantawa ya yi bai ajiye ba.

Ɗantsoho ya tako ya tsaya gaban Muntasir. Bai ɗaga murya ba. "Bashmuhandis, wannan shi ne aikin?"

"Baba Alhaji, ku yi haƙuri, mutane ne ba su iya amfani da shi ba. Na'urar lafiyarta ƙalau. Kimiyya ba ta ƙarya, yanzu zan nuna muku."

Ya jawo akwatin lemo ya hau. Ya haɗa kwamfutarsa da babban akwati, ya yi wa jama'a bayani cewa zai gudanar da gwaji a gabansu, in suka ga ja ko ɗaya su yi masa abin da suka ga dama. Salahuddin ya ce ya ji, kuma ya riƙe. Muntasir ya danna. Kore, kore, kore, har ƙasa. Ya juya kwamfutar ya ɗaga ta sama da hannu biyu kamar kofin ƙwallo.

Babu mai kallonsa. Kowa sama yake kallo.

Masu Larabci zalla suna ta haɗa baƙi suna furtawa, ma'ana ta ƙi fita. Amma Muntasir, garin ɓoye wa mutum ɗaya, ya manta cewa rabin Lungun Turare jikokin alhazan Kano da Sakkwato ne da suka yada zango ba su tashi ba, kuma da allo aka yaye su. Salahuddin ya nemi a fassara masa. Malam Abdullah ya gyara tabarau, ya karanta da muryar da yake yi wa masu makoki gaisuwa:

"Ghada, turaren nan duk ba Iya nake saya wa ba. Ke nake zuwa gani. Bashmuhandis Muntasir."

Sannan, don amana, ya maimaita da Larabci, har da muƙamin.

Wata kwalba ta faɗi a shagon turare. Ghada ta ja tob, wato mayafinta, ta rufe fuska ta shige ciki. Dariya ta fara daga wajen direbobin raksha ta bi lungun kamar wutar kara. Iya ta juya wajen Gogo ta ce ashe, ita da ta ɗauka yaron ya fara tausayin tsufanta, ashe shara ce ake zubar mata tana shaƙa. Ɗantsoho ya cire rawaninsa, ya warware, ya sake naɗawa a hankali. Waɗanda suka san shi suka ja baya.

"Na ce aikin da za a nuna da yatsa," in ji shi. "Ban ce duk Omdurman ta nuna ba."

A lokacin Abdulmajid ya iso, gumi sharkaf. Ya kalli alluna, ya karɓi kwamfutar, ya karanta gwajin.

"Na aike ka ka duba ko ƙofa a kulle take," ya ce. "Da ka tarar a kulle, sai ka cire ƙofar."

"Ustaz, amma ai kore ne."

"Sauko daga akwatin mutane."

Abdulmajid ya mayar da shingayen ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sake tura tallarsa, ta tsaya a allonsa ita kaɗai. Mai ful ya mayar da ludayi tukunya. An fara watsewa ke nan aka ɗauke wuta, ba a jima ba aka dawo da ita. Alluna suka farka, kowanne ya leƙa kwafin gaisuwar nan guda da ake farawa da ita. Gaisuwa kuwa babu ita, gwajin Muntasir ya zauna a gurbinta. Lungun ya sake haskawa daga farko har ƙarshe da sunan Ghada, ya tsaya daidai yadda mai karatu a hankali zai kai ƙarshe, sannan tallace-tallace suka dawo.

Abdulmajid ya ce abu ne mai sauƙi, a bar shi ya sake buɗe shingen na ɗan lokaci ya goge. Salahuddin ya rantse da abin da zai kashe shi cewa duk wanda ya ƙara taɓa shingen nan, hantarsa ce za ta hau allo gobe. Dakta Amna ta goyi bayansa, karo na farko a tarihin lungun. Ɗantsoho ya yanke nasa hukuncin: ba goro, ba maganar goro, sai rubutun ya sauka. Abdulmajid ya ce to sai dai a jira sabon akwati, yana cikin jirgin ruwa, jirgin kuma yana hannun Allah. Kujerar Muntasir ta tafi. An bar masa tsani da tsumma, ya riƙa goge ƙurar allunan, da sharaɗin daga waje.

A Omdurman kuwa ana ɗauke wuta fiye da yadda ake shan shayi. Duk sanda ta dawo, Muntasir na kan tsani, sai lungun ya ɗauki karatu baki ɗaya, har waɗanda ba su jin Hausa suka haddace.

Ya daɗe yana zagaye shagon turare ta baya. Wata safiya da wuta ba ta nan, Ɗantsoho kuma ya tafi jana'iza, ƙafarsa ta kai shi. Ya tsaya, baki ya mutu kamar kullum, ya tambayi turaren wuta.

"Na Iya?" in ji Ghada, idonta a kan ma'auni.



Ta ci gaba da ƙulla turaren. "Na ji Ustaz Abdulmajid yana cewa irin rubutun nan in an yi shi ba ya canzawa. Gaskiya ne?"

Muntasir ya buɗe baki. Bayani ya taso masa har maƙogwaro: cewa shi, in aka ba shi dama, kafin ƙiftawar ido zai canza shi, ai ya taɓa yi kowa ya gani. Sai ya ga ta ɗago tana kallonsa, hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ya haɗiye bayanin, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Ba ya canzawa," ya ce.

"To." Ta tura masa ƙullin. "Wannan kam ka kai wa Iya da gaske, ka ba ta haƙuri."

Ɗantsoho ya yi ta jiran jirgin ruwa har ya gaji. Ya karanta sunan 'yarsa da safe, ya karanta da azahar, baƙi daga wasu kasuwanni suna zuwa ɗaukar hoto. Ƙarshe ya aika wa kawun Muntasir cewa su kawo goron, ba don yaron ya burge shi ba, sai don in maganar za ta ci gaba da hawa bango, gara ta zama ta halal.

Da yammacin ranar Muntasir ya koma majalisarsa a gindin darbejiya, tsumma a kafaɗa. Ya bayyana wa direbobin raksha cewa dama haka ya tsara tun farko, su ne ba su da hangen nesa. Ya ce su je su tambaya, abin da shi ya rubuta, duk faɗin Sudan babu injiniyan da ya isa ya canza shi.

Gogo ta miƙa masa shayi.

"Wannan gaskiya ne, jikan Iya," ta ce. "Rediyon ma har yau yana Habasha."